Abin da Labbo Ya Faɗa a Zurmi

Labbo haifaffen Dauran ne a ƙasar Zurmi, ɗan gidan mahauta. A gidansu dambe gado ne. Kakansa ya yi, ubansa ma ya yi, har ya baro haƙora biyu a fagen Moriki. Shi kuma Allah ya yi shi bahago, ga dogon hannu, ga shi ba ya nuna fushi a fuska, sai abokin karawarsa ya ɗauka wasa ake yi har ya ji shi a ƙasa. Tun yana da shekara goma sha tara aka fara ɗaure masa hannu a wasannin kaka, kuma kafin ya kai talatin babu garin da ba a san shi ba daga Kaura zuwa Shinkafi, har hayin iyaka cikin Nijar. In aka ce Labbo Bahago zai shiga fage, kasuwa takan watse tun kafin la'asar.

Makaɗinsa Magaji ne, wani siririn mutum mai zaƙin murya, wanda suka tashi unguwa ɗaya. Shekara goma sha huɗu suna yawo tare a bayan motocin hatsi, suna cin tuwo a kwano ɗaya. Waƙoƙin da Magaji ya yi masa sun shiga kaset, direbobi suna sa su a mota, wasunsu har suka sa aka rubuta sunansa a bayan motocinsu. A wani wasa a Shinkafi ne aka naushi Labbo a idon dama, idon ya yi fari bai ƙara gani da shi ba. Bai faɗi a ranar ba, amma da ya koma gida matarsa Kulsumu ta dube shi ta ce ya isa haka nan, shi ma bai yi musu ba.

Sai ya koma sana'ar gidansu. Ya tare a Kaura Namoda, ya gina tukubar tsire kusa da tashar mota, ya sa aka yi masa dogon benci guda biyu. Tsirensa yana da daɗi, amma ba don tsiren kaɗai ake zuwa ba. Daga la'asar zuwa isha benci ba ya rabo da mutane: direbobi, 'yan kamasho, malaman makaranta, fatake da suka sauka daga Moriki. A tambaye shi yadda ya kashe wane a turmi na biyu, wato yadda ya kai shi ƙasa, ya ba da labarin yana juya nama, Magaji yana gefe yana gyara masa inda ya rage. Baƙo in ya zo Kaura akan kai shi ya ga tashar jirgi, a kai shi ya ga Labbo.

Ranar da aka ba da sabuwar jihar Zamfara, a shekarar 1996, Labbo ya yanka rago ya raba tsire kyauta. Bayan shekara uku, da aka tara mutane a Gusau don ƙaddamar da shari'a, yana cikin waɗanda suka tafi a saman babbar mota, suka ƙarasa da ƙafa saboda cunkoso. Ya tsaya cikin rana tun hantsi, ya yi kabbara har muryarsa ta dushe. Da ya dawo ya ciro tsofaffin layun dambensa daga cikin akwati ya ƙone su a bayan gida, Kulsumu tana kallo. Magaji ma ya jingine kalangu ya kama sayar da albasa. Babu wanda ya tilasta musu. Labbo ya yarda har zuciyarsa cewa lokaci ya zo da mai ƙarfi da marar ƙarfi za su tsaya a layi ɗaya.

Abin da ya fara damunsa daga Dauran ya zo. Akwai wani maƙwabcinsu na ƙuruciya, Nagoggo, mai 'ya'ya bakwai da gona 'yar ƙarama. Wata damina ba a ga takin da aka ce an ware wa manoman garin ba. An rubuta sunaye, an yi ta jira har gero ya yi kara, ba a kawo ko buhu ɗaya ba, alhali mutane sun ga buhunan da idonsu ana sayarwa a wata kasuwa. Gonar Nagoggo ba ta yi komai ba. Da kaka aka kama shi da damin gero ɗaya daga gonar wani, aka yi masa bulala a bainar jama'a, aka tsare shi wata uku. Labbo ya je ya duba shi bayan an sako shi. Ya tarar da shi zaune a zaure ya kasa ɗaga kai ya dubi mutane. Labbo bai ce Nagoggo ba shi da laifi ba. Amma ya dawo Kaura da abin a ransa, kuma ya daɗe yana juya shi shi kaɗai.

Da zaɓen 2003 ya matso, wani Alhaji Wakili, mai neman kujerar majalisa, ya aiko a gayyace shi taro a Zurmi. Ba wani abu ake so ya yi ba, ya hau dandamali kawai, ya ɗaga hannun hagu, matasa su yi ihu. Kowa ya san Alhaji Wakili yana cikin waɗanda aka ba aikin raba takin nan. Labbo ya so ya ƙi zuwa, amma Magaji ya ce masa babban mutum ba ya aiko maka mota ka mayar da ita babu kowa. Sai ya sa farar rigarsa ya tafi.

Fili ya cika maƙil. Da aka kira sunansa mutane suka ɗauki sowa kamar a zamanin da yake shiga fage. Ya ɗaga hannun. Mai gabatarwa ya ga yadda jama'a suka ruɗe, sai ya miƙa masa abin magana ya ce ya yi musu kirari. Labbo bai shirya komai ba. Daga baya ya sha gaya wa Kulsumu cewa da ba a miƙo masa abin nan ba, da ya sauka ya tafi gida da bakinsa a rufe.

Ya yi sallama, ya yi salati, sannan ya ce: "Jama'a, kun san ni. Da ƙafata nij je Gusau ran da anka tsai da shari'a, kuma har gobe ina bayanta. Amma mu a fagen dambe, ko kai wane ne, in hannunka ya taɓa ƙasa an kashe ka, ba a duban sunanka. Na ga an bugi mutum kan damin gero ɗaya. Takin mutanen Dauran mota guda ya ɓace, ban ji an tambayi kowa ba. Ni dai ƙuri'ata tana aljihuna sai ran da nij ji an tambaya."

Bai kira sunan kowa ba. Wasu a can baya suka fara tafi, suka ga babu mai taya su, suka daina. Aka karɓe abin maganar daga hannunsa, aka saki waƙar jam'iyya da ƙarfi. Babu wanda ya zage shi a wurin. Da ya sauko sai ya tarar motar da ta kawo shi ta tafi, ya taka zuwa tasha ya shiga ta haya.

Maganar ta riga shi isa Kaura, kuma ta sauya kama a hanya. A tasha an ce Labbo ya ce shari'a ta talakawa ce kawai. Kafin kwana uku, a Shinkafi ana cewa Labbo ya tsaya gaban jama'a ya zagi shari'a. Waɗanda suka je taron, suka ji da kunnensu, ba su ga dalilin tsayawa gardama da kasuwa guda ba. Wani mai wa'azi ya yi magana kan tsofaffin 'yan dambe da suka gama cin duniya da tsafi yanzu suna son koya wa malamai addini. Bai ambaci suna ba shi ma, amma duk wanda ke wurin ya san da wa yake.

Sai 'yan ɗaya jam'iyyar suka ƙara masa gishiri a gyambo. Suka samo wani tsohon hotonsa yana ɗaure da hannu, suka buga shi a takarda kusa da na ɗan takararsu, suka manna a bangon tasha. Ba su tambaye shi ba. Labbo ya fito da safe ya gani, ya bi bango yana yagewa da hannunsa, yana cewa shi ba na kowa ba ne. Daga ranar su ma suka juya masa baya, suka ce tsoro ya ji, an saye shi. Cikin mako biyu ya rasa ɓangaren da zai ce nasa ne.

Babu wanda ya jefe shi ko ya rushe masa tukuba. Abin da ya faru ya fi haka sanyi. Benci ya fara raguwa, yau mutum shida, gobe uku. Mai wucewa ya ɗaga hannu daga nesa ya ƙara sauri. Wani direba da ya shekara goma da sunan Labbo a bayan motarsa ya sa aka shafe da fenti. Mai kaset na bakin tasha ya kwashe waƙoƙinsa ya tura ƙarƙashin tebur. A masallaci ana tsayawa kusa da shi a sahu, don sahu ba ya ƙin kowa, amma in an sallame sai na damansa ya juya ya gaisa da na can gaba. Da yana yanka rago biyu a yini, ya koma ɗaya, ya koma saro cinya guda daga wurin wani. Ko ita wani lokaci sai ya kai saura gida, Kulsumu ta zuba a miya.

Mutum ɗaya ne bai daina zama ba, Patrick, ma'aikacin jirgin ƙasa, mutumin kudancin Kaduna da ya fi shekara ashirin a Kaura. Jirgi ya daɗe da daina zuwa a kai a kai, don haka yana da lokaci. Yakan sayi tsinke biyu ya zauna a ƙarshen benci suna hirar farashin dabbobi. Ba a jima ba aka fara cewa to ga shi nan, yanzu an ga da su wa Labbo yake shawara. Patrick ya ji. Wata la'asar ya zo ya sayi tsirensa, ya ce a naɗe masa a takarda, ya tsaya yana sosa kai, ya ce shi baƙo ne yana da iyali, kuma yana ganin zamansa ba ya taimakon Labbo. Labbo ya ce ya gane, ya ƙara masa tsinke ɗaya. Daga nan kullum a tsaye yake saye ya wuce.

Magaji ya zo gida ya same shi, ba tukuba ba. Ya ce Alhaji Wakili ya ce ƙofa a buɗe take. Abin da ake so kaɗan ne: ya zo gidan Alhaji ranar Juma'a, a gaban mutane, ya ce sharrin Shaiɗan ne, a yafe masa. Labbo ya tambaye shi wace kalma ce a cikin maganar tasa ƙarya, don ya san wadda zai janye. Magaji ya ce, "Bahago, ni ban ce ka yi ƙarya ba. Amma albasata ruɓewa takai, kuma an san ni da kai." Da Magaji ya tashi, Labbo ya raka shi har bakin titi kamar yadda ya saba. Magaji bai sake zuwa ba.

Abin da ya hana Labbo barci ba ciniki ba ne. Tsoro yake ji ko da gaske ya faɗi abin da ya taɓa imaninsa bai sani ba, shi da karatunsa bai wuce izu biyu ba. Sai ya je wurin Malam Alhassan, wani dattijo da ke karantar da manya a zaurensa bayan azahar. Ya jira ɗalibai suka watse, ya durƙusa, ya maimaita maganar kalma bayan kalma kamar yadda ya faɗe ta. Malam ya saurara idonsa a rufe, ya sa ya sake maimaitawa. Sannan ya ce babu saɓo a cikinta, hasali ma abin da littattafai suka ce ke nan, sai dai wurin da aka faɗe ta da lokacin ba su dace ba. Labbo ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ko za ka faɗi haka a karatu, mutane su ji?" Malam ya gyara zama ya ce lokacin siyasa ne, duk abin da mutum ya faɗa sai a ja shi wani wuri, ya yi haƙuri ƙura ta lafa. Ya yi masa addu'a mai tsawo. Labbo ya fito da sanin cewa bai yi laifi ba, kuma shi kaɗai ne ya sani.

A cikin wannan hali autarsa Salima, wadda ke aure a Shinkafi, ta haifi 'ya mace. Duk sunan da aka yi a danginsu Labbo ne ke feɗe rago, ya kasa nama, ya soya kayan ciki da hannunsa. Ya wasa wuƙaƙensa tun ana saura kwana uku. Ana gobe suna sai ga saƙo daga surukinsa, uban mijin Salima, wanda ke cikin manyan jam'iyyar Alhaji Wakili a unguwarsu. Saƙon na ladabi ne: an ga kada a wahalar da shi, an samu mahauci a nan kusa, kuma manyan baƙi za su zo, gara ya bari sai an kwana biyu ya zo a natse. Kulsumu ta ce in haka ne ita ma ba za ta ba. Ya ce ta tafi, yarinya ba ta yi laifin komai ba. Ya kai ta tasha ya sa ta a mota, ya dawo ya hura wuta a tukuba kamar kowace rana. Yinin nan mutum huɗu suka saya.

Sai bayan kwana goma sha biyu ya je, ranar kasuwar Shinkafi, lokacin da maza duk sun fita. Salima ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida ta miƙo masa jaririyar, an sa mata Hannatu. Ya riƙe ta a hannun hagu yana kallonta da idonsa mai gani. Salima ta fara kuka tana cewa ba da saninta aka aika saƙon ba. Ya ce ya sani. Ta ce, "Baba, mi ya kai ka? Da ka yi shiru kamar kowa." Ya ce shi ma yakan tambayi kansa. Bai kai awa ɗaya ba ya tashi, don kada maigidan ya dawo ya tarar da shi a shiga jin nauyi. A hanyar tasha ya ratsa ta gefen filin da aka fasa masa ido, ya ga an yanka shi an yi shaguna.

An yi zaɓe, Alhaji Wakili ya ci. Ƙura ta lafa kamar yadda Malam ya ce, mutane suka shiga wasu maganganun. Sannu a hankali ciniki ya ɗan dawo, don tsire mai kyau ba ya ɓuya. Har ma akan samu wanda zai rage murya yana karɓar ƙunshinsa ya ce ai gaskiya ka faɗa ran nan, ya duba hagu da dama, ya tafi. Amma ba a dawo zama ba. Waɗanda suka guje shi suna jin kunyar haɗa ido da shi, shi kuma bai iya kiran mutum ya ce zo ka zauna ba. Babu wanda ya sake tambayarsa labarin wani wasa. Yakan tsaya daga la'asar zuwa isha yana juya nama, bai yi maganar da ta wuce ta yaji da albasa ba.

Bayan shekara biyu hayaƙi ya fara damun idon nasa mai kyau. Ya bar wa wani ɗan ƙanensa tukubar, suka kwashe kaya shi da Kulsumu suka koma Dauran, gidan ubansa. Ya gyara ɗaki biyu, ya karɓi gonar gado, ya sayi tumaki huɗu. A ƙauye ba a guje shi ba, ba a kuma yi ta zuwa wurinsa ba. Nagoggo, wanda saboda shi aka yi maganar, tuni ya kwashe iyalinsa ya bar garin don kunya, ba a san takamaiman inda ya nufa ba. Labbo yakan fita gona da sassafe, ya dawo da azahar, ya zauna a ƙofar gida da rediyo. Ranar kasuwar Moriki yakan je ya taya masu sayen dabbobi duba rago, don hannunsa bai manta ba.

A daminar 2007 Magaji ya rasu a Kaura bayan gajeriyar jinya. Babu wanda ya aiko. Wani direba ne ya faɗa wa Labbo a Moriki, kwana biyar bayan an binne shi, yana zaton ya riga ya sani. Washegari Labbo ya shiga mota ya je gaisuwa. An riga an tashi daga zaman makoki, sai ƙanen mamacin da wasu tsofaffi biyu a zaure. Suka karɓe shi da mutunci, aka yi addu'a, aka kawo masa ruwa. Ƙanen ya ce a kwanakin jinyar Magaji ya yi ta cewa in ya samu sauƙi zai je Dauran, akwai maganar da yake son su yi. Labbo ya tambaya ko ya faɗi wace magana ce. Ƙanen ya ce bai faɗa ba.

Ya nemi a nuna masa kabarin, aka haɗa shi da ɗaya daga cikin tsofaffin ya kai shi. Ƙasar ba ta gama kwanciya ba, ruwan sama ya zaizaye gefe ɗaya. Labbo ya tsuguna ya tattaro ƙasa da hannu ya gyara wurin, ya yi addu'ar da ya iya, ya daɗe a tsugune har tsohon ya gaji ya koma inuwa.

Ya isa Dauran gab da magariba. Kulsumu ta tambaye shi wa da wa ya gani, ya lissafa mata, ba su da yawa. Ta kawo tuwo ya ci kaɗan. Hadari yana haɗuwa ta gabas, ya tashi ya shigar da tumaki rumfa, ya ce mata in an yi ruwa gobe da wuri zai fita, akwai sauran noma a gefen gonar da bai kai ba.